Ina Su Ajuji Suka Shiga?

Bakano:
Salamu alaikum ma'abota baiti. Sunan da za mu juya yau shi ne Ajuji. Amsa-amo "ji" ne, wanda ya kauce masa goron jama'a na wuyansa.

Da sunan Ta'ala nake fara baiti,
Mai rayawa, Mai kashewa, Ubangiji.

Na zaga Fagge, na bi ta Kurmi,
Ina cigiyar yaro mai suna Ajuji.

Na ga Amir, na ga Afnan da Ilham,
Ga Sultan can yana wasan soji.

Na tambayi malamar 'yan aji ɗaya,
Ta ce, wane ne haka? Yau na fara ji.

Ku ba ni asali, ku ba ni ma'ana,
Da abin da ya kora sunan daji.

Jikar Ajuji, daga Zariya:
Bakano, aje mudun awonka,
Ba hajar Kwari ba ce a gabanka,
Karkaɗe kunne in ba ka naka,
Ni ce jika ga Inna Ajuji.

Uwarta ta haifi na fari ya koma,
Na biyu ko suna bai kai ba ma,
Na uku ya fara rarrafe, shi ma
Ya tafi ran da jikinsa ya fesa ƙurji.

Wabi ke nan a bakin mutanenmu,
Ka haifa ka binne, in ji kakanninmu,
Wai ɗa ɗaya ne ke zagayen gidanmu,
Ya leƙo ya koma kamar maciji.

Da ta huɗu ta faɗo, sai ungozoma
Ta naɗe ta a tsumma, jiki na kyarma,
Ba guɗa, ba albishir ga uban ma,
Ta je ta kwantar da ita bisa juji.

Wata tsohuwa can ta biyo ta baya,
Ta ce, a'a! Ga tsintuwa a kan hanya,
Ta sungume ta, ta kai wa mai jinya,
Tun daga ran nan ta zama Ajuji.

Nufinsu a nuna ba a damu da ita ba,
Abin da aka yar ba a ƙyashinsa ba,
Wa ke sata inda ba a ɓoye ba?
Ɓarawo ba ya fasa juji.

Ta rayu, ta ga jika da tattaɓa-kunne,
Furarta kaf unguwa an san ta zaune,
Sunanta na yanka kuwa Hauwa'u ne,
Ban ji shi ba sai a takardar Hajji.

Bakano:
Zazzagawa dai ko gaisuwa sai kun haɗa da tsokana. Amma na karɓa, Yaya, kin cika mudu har da gyara. Allah Ya jiƙan Inna.

Malamin Zaure:
'Yata, baitinki ya ratsa zukata,
Allah Ya jiƙan Inna, Ya kai mata agaji.

Sai dai gyara kayanka ba ya zama
Sauke mu raba, ku tsaya ku ji.

Ajali in ya zo ba ya jinkirin sa'a,
Ko kana fada, ko kana tsakar daji.

Mai ɗaukar rai ba a yi masa ɓad-da-kama,
Ya san ɗaki, ya san hanyar juji.

Ta rayu ne don kwananta na gaba,
Ba don an kwantar da ita cikin kaji...

To, nan "ba" ta ƙarshe ta maƙale mini, ku cika da kanku. Mu ci gaba.

Muslim ya ruwaito mafi soyuwar suna,
Abdullahi, Abdurrahman, wurin Ubangiji.

'Yar Umar sunanta Asiya da sadi,
Mai saɓo ke nan, ga mai son ya ji.

Manzo ya sauya, ya ce mata Jamila,
Kyautata suna haƙƙi ne na magaji.

Ya ce da Hazanu, kai ne Sahalu,
Ya ce, wanda uba ya ba ni ya isa, ya ƙi ji.

Jikansa Sa'idu ɗan Musayyibu ya ce
Tsananin ya bi su, magaji bayan magaji.

Jikar Ajuji:
Malam, na durƙusa, karatu ya ratsa,
Amma ran bakwai liman ya zo da sassafe ya sa
Hauwa'u, wanzami ya aske, nama ya gasu an ƙasa,
Ba wanda ya yanka rago da sunan juji.

Laƙabi ne, na kaka da na tsakar gida,
Wadda ta ninke zanen goyo sau uku ba ɗa,
Nono na zuba, ba bakin da za ta shayar da,
In ta kama ko mene ne, a yi mata agaji.

Nas daga Gusau:
Ni ba gwanar baiti ba ce, allura na iya. Amma abin da kakanninmu suka kira wabi, da yawansa muna ganinsa a ɗakin haihuwa da sunayensa.

Inna da Malam, ku ba ni wuri,
In kawo nawa daga ɗakin gwaji.

Uwa AS, uba AS, kowane ciki
Ɗaya cikin huɗu ne sikila, ku ji.

Ba wai in an haifi huɗu ɗaya ya ɗauka ba,
Kowane ciki da nasa sabon gwaji.

Yaro ya kumbura hannu da ƙafa,
Ido ya yi ɗorawa, jini ya gaji.

Ga cibiya da aka yanke da tsohuwar reza,
A shafa toka, a ce an yi agaji.

Ran suna jariri ya ƙi kama nono,
Baki ya ɗaure, jiki ya sandare, ba ya ji.

Allurar da uwa take sha a awon ciki
Ita ke tare wannan, da ikon Ubangiji.

Akwai kuma jinin da bai dace da juna ba,
Na uwa negatif, fozitif na miji.

Na fari ya tsira, na baya su sha wuya,
Su zo rawaya, ko su zo ba rai, ba ji.

Cikin awa 72 bayan haihuwa akwai allura,
Anti-D, in an yi ta, ƙani ya sami agaji.

Ƙyanda, tarin shiƙa, zazzaɓin sauro,
Su ma sun cika gidaje da su Ajuji.

A 2024 Kano ta sa hannu a doka,
Ba ɗaurin aure sai da takardar gwaji.

Shi ya sa ni ban ga abin kuka ba don sunan ya yi ƙaranci. Gidan da goyo ke tsayawa ba shi da dalilin raɗa shi. Abin da ke damuna shi ne ƙauyukan da har yau ake binne jarirai, an daina faɗin sunan ne kawai.

Bagobiri, daga Maraɗi:
Ku riƙe "ji" ɗinku, mu ba a gindaya mana doka.

Ku matsa ku ba da hanya ga Gobirawa,
Ajuji ba shi kaɗai uwa ta haifa ba, yana da 'yan uwa.

Akwai Barmani, roƙo ne tsirara,
Allah bar mini wannan, na gaji da binnewa.

Akwai Abarshi, akwai Abarta,
Akwai Ayashe, wadda aka yi kamar an yasar wa kowa.

Akwai Dangana, uwa ta sallama,
Akwai Barau, akwai kuma Bawa.

A ce ba ɗanmu ba ne, na wani ne,
Har a huda kunnen namiji don ɓatarwa.

To, wa ya raina sunan Bawa a ƙasar Hausa?
Jangwarzo ya ɗauke shi a Alƙalawa.

Shi ne ya tara malamai idi a Magami,
Ya zuba kyauta, Shehu ya ƙi karɓawa.

Ya ce a saki fursuna, a sassauta haraji,
A bar shi ya yi kira, Sarki ya amsa da yardawa.

Abokan wasanmu su ma sun san ciwon,
Abiku suke ce masa, su Yarbawa.

Su sa Malomo, kada ka sake tafiya,
Su sa Kokumo, wannan ya bar mutuwa.

Ibo su ce ogbanje, duk abu ɗaya ne,
Kukan uwa bai san yare ba, bai san Hausawa.

Bakano:
Bagobiri, "haraji" ya zo bakinka a tsakiyar layi ka ƙi kai shi ƙarshe, taurin kai dai gado ne. Goro ƙwarya guda, farare. Ga nawa kan inda sunan ya maƙale:

Sunan bai mutu ba, ya hau sama ne,
Ya bar goyo ya koma kan Alhaji.

Farida Waziri ta riƙe EFCC
Daga 2008 zuwa 2011, kun ji.

Maigidanta ya yi sanata, ku duba suna,
Ajuji Waziri, ga manya a kan juji.

Suleja daga Sulaimanu Barau ta samo suna,
Sarki ne, ya yi karatu a kwaleji.

Barau Jibrin tun 2023 a majalisa
Mataimakin shugaba ne, ba a daji.

Yau laƙabin kaka ya zama sunan mahaifi,
A katin ɗan ƙasa, a bayan sunan magaji.

Autar Zaure, ɗaliba:
Iyayena da yayyena, ku yi mini afuwa, ni dai ga gaskiyata.

Na ji tarihi, na ji tausayi,
Amma 'yata ba za ta amsa Ajuji...

Malam, ni ma "ba" ɗin ta maƙale, mun zama biyu.

Ku tuna firamare da kiran rajista,
Yara su fashe, su ce ga bola, ga juji.

Yaro ba ya tambayar asali,
Abin dariya kawai kunnensa ke ji.

In Larabci ne ko ba mu san fassara ba,
Mun ɗauka daga waya, muna cikin caji.

Na san mai sunan da ko Balarabe
Zai ce, wannan a ina kuka ji?

Wannan ma laifi ne, na yarda,
Amma ya fi a kira ni a tuna da kaji.

Jikar Ajuji:
Auta, ba na ce ki sa ba, ƙanwata,
Ni ma Hauwa'u na sa wa 'yata,
Ummi muke kira, don kunyar kakata,
Haka muka shirya da ni da miji.

Abin da na ƙi, a ce sunan zagi ne,
Ko a goge shi a katin uba don ƙauyanci ne,
Wanda ya ji shi ya san gidan ya sha binne-binne,
Ya yi wa uwar addu'a wurin Ubangiji.

Malamin Zaure:
A kan addu'a ba mu da saɓani, 'yata. A kan kai jariri juji kuwa ina nan inda nake, kuma na ga Nas ma ba za ta sa hannu ba, ko don cibiya.

Nas daga Gusau:
Ko kusa, Malam. Ɗanyar cibiya da toka da kashin kaji? Sai dai bayan na tashi daga aiki.

Bakano:
Mako mai zuwa Cindo ne, mai yatsa shida, amsa-amo "do". Auta ce za ta buɗe.