Ƙanena na so ya hau da Mma jirgin ruwan shaƙatawa, ku ba ni shawara

'Yar Mamobi:

Assalamu alaikum jama'a. Ƙanena da ke aiki a Italiya ya dage sai ya kai mahaifiyarmu yawon teku a irin manyan jiragen nan da ake kwana a ciki. Ya ce mako guda ne, a tashi daga Genoa, a bi ta Marsay da Barselona, a leƙa Tunisiya, a dawo. Shi zai biya ɗakin jirgin, ni kuma in rako ta daga Accra, tikitin sama da biza a wuyana.

Mma ta haura saba'in, tana fama da suga da ciwon gwiwa, kuma tun da take ko kwalekwale ba ta taɓa shiga ba, iyakarta bakin ruwa a Chorkor in ta je sayen kifi. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Tambayoyinta dai su ne: ina alƙibla a tsakiyar ruwa, wa ke yanka naman da za ta ci, kuma za a zaunar da ita tebur ɗaya da masu shan giya ne? Ni kuwa kuɗin ne ke damuna. Yaron nan boga ne, wato ɗan zaman Turai, in ya ga talla a Facebook sai ya ɗauka farashin da aka rubuta shi ke nan. Don Allah wanda ya taɓa hawa ya faɗa mini gaskiyar abin.

Mai girkin jirgi, Ashaiman:

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Na yi shekaru ina aiki a kicin na irin waɗannan jirage, don haka bari in fara da inda mutanenmu suka fi faɗuwa, wato biza. Mai fasfon Ghana sai da bizar Shengen, wato bizar bai-ɗaya ta yawancin ƙasashen Turai, zai hau jirgi a Genoa, kuma tunda hanyar ta haɗa da Tunisiya, wadda ba ta cikin Shengen, dole bizar ta zama mai shiga fiye da sau ɗaya. In an ba Mma mai shiga sau ɗaya, ma'aikatan tashar na iya hana ta hawa tun ranar farko, ko da ta rantse ba za ta sauka a Tunisiya ba, kuma kamfani ba ya mayar da kuɗi kan matsalar takardun fasinja. Ki gaya wa ƙaninki kada ya biya kuɗin da ba a mayarwa kafin biza ta fito. Fasfo kuma ya kasance da saura wata 6 bayan ranar dawowa.

Kan kuɗi, kin yi gaskiya. Farashin talla na mutum ɗaya ne a ɗakin mutum biyu, yawanci ɗakin ciki marar taga. Abinci na ciki, amma akwai kuɗin hidima da ake ɗora wa kowane fasinja kullum, a Bahar Rum yakan kai Yuro 12 ko sama. Lemon kwalba, intanet, wanki, yawon gari da motar kamfani, duk daban ake biya. Ba a taɓa tsabar kuɗi a ciki, kati ake ba ki wanda shi ne makullin ɗaki kuma shi ne aljihunki, sai daren ƙarshe lissafi ya iso. Nan ne idon mutane ke raina fata. MoMo, wato kuɗin waya, ba ya aiki a can, ki tanadi katin banki ko ki ajiye tsaba a teburin karɓar baƙi ranar hawa.

Nama kuma, a matsayina na wanda ya riƙe wuƙa a wurin: in ba a rubuta wa kamfani tun makonni kafin tafiya ba, kada ki saka rai da na halal. Kifi, ƙwai, shinkafa, taliya da ganye suna nan birjik. Abin lura shi ne miya da romon da ake zubawa a kan abinci, Turawa na girki da giya sosai, wani lokaci ana saka guntun naman alade a miyar wake. Ki tambayi shugaban masu kawo abinci daren farko, aikinsa ne. Ki kuma nemi tebur naku ku kaɗai, ana bayarwa.

Ɗaki ki zaɓi tsakiyar jirgi a hawa na ƙasa-ƙasa, kusa da lifta. Can ne girgiza ta fi sauƙi. Gaba da sama su ne ke sa amai.

Hajiyar Aboabo:

'Yata, ni na hau daga Dubai, muka bi Abu Dhabi da Doha, lokacin sanyi. Ruwan can kwance yake, har mantawa nake ina kan teku. Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne tafiyar ƙafa. Jirgin ya fi mita 300 tsawo, daga ɗakina zuwa wurin cin abinci kamar daga Aboabo Station zuwa Asawase da ƙafa. In gwiwar Mma ta matsa, ku tafi da keken marasa lafiya naku mai naɗewa.

Ki sa buta a jaka, babu ita a banɗakinsu. Kada ki ɗauki dutsen guga ko tukunyar dafa ruwa ta lantarki, ƙwacewa suke a bakin shiga saboda gobara. Na tafi da gari da shito na kwalba wanda ba a fasa ba, sun yi mini rana, don abincinsu ba yaji ko kaɗan. Giya kam ana sha, bakin wurin wanka kuma ba wurin zaman dattijuwa ba ne da rana. Amma bayan asuba saman jirgin naki ne ke kaɗai, daga ke sai masu shara.

Malami daga Sabon Zango:

Batun salla da sauƙi. Ana salla a jirgin ruwa tun zamanin sahabbai. Mutum ya tsaya in zai iya, ya fuskanci alƙibla, in jirgi ya juya ya juya da shi. In jiri ko gwiwa sun hana, ya zauna. Ga kuma ƙasaru tunda matafiya ne. Allurar nuna alƙibla ta waya takan rikice saboda ƙarfen jirgi, gara a duba taswirar da talabijin ɗin ɗaki ke nunawa a ga inda kan jirgin ya dosa. A yammacin Bahar Rum alƙibla na gabas ne da ɗan karkata kudu.

Sai dai ni ra'ayina daban. Kuɗin da za a kashe a kai tsohuwa inda ake caca da kiɗa har tsakar dare, ai Umra ta fi cancanta da shi. In kuma yaron ya kafe sai teku, akwai Aroya, jirgin Saudiyya da ya fara aiki daga Jidda a Disambar 2024. Ba giya ba caca, abincin halal ne, akwai wurin salla, yana zuwa Sharm el-Sheikh da Aƙaba a Bahar Maliya. Jidda zuwa Makka kusan kilomita 80 ne. A yi Umra, a huta, sannan a hau. A dai tabbatar bizar Saudiyyar ta ba da damar fita a sake shigowa, kuma a duba jadawali, don da bazara jirgin kan koma Bahar Rum.

'Yar Mamobi:

Allah ya saka da alheri. Malam, na karanta wa Mma naka, ta ce ai wannan malamin shi ya san ciwonta. Ƙanena kuwa bai ji daɗi ba, so yake ta zo ta ga inda yake zaune, ta ga jikokinta, jirgin ƙari ne kawai. Ni a raina na fi karkata ga Jidda, domin na san wahalar neman ranar ganawa ta bizar Turai a garin nan, ga takardun banki da za a nema daga mai sayar da atamfa a Makola irina. Wata maƙwabciyarmu ta ce akwai na Afirka ta Kudu wanda ba ruwansa da biza, gaskiya ne? Sannan Yaya na Ashaiman, yaya za mu yi da allurar sugarta?

Mai girkin jirgi, Ashaiman:

Gaskiya ne, tun 1 ga Nuwamba 2023 mai fasfon Ghana na shiga Afirka ta Kudu ba biza har kwana 90 a shekara, sai dai katin allurar shawara. Jirgin kamfanin MSC na tashi daga Durban zuwa gaɓar Mozambik daga wajen Nuwamba zuwa Afrilu, dare 3 ko 4, kuma ya fi arha nesa ba kusa ba. Amma ban ba da shawararsa ga Mma ba. Tekun Indiya ta wannan gefen na da igiyar ruwa, kuma a Portuguese Island, tsibirin Mozambik da ake tsayawa, jirgi ba ya kai wa gaɓa, ƙananan jirage ake sauka a ciki. Mai ciwon gwiwa zama za ta yi tana kallon mutane suna tafiya.

Allura da duk magungunanta su zauna a jakar hannu tare da takardar likita, domin manyan akwatuna sai yamma suke isowa ɗaki. Ɗan firjin ɗaki ba koyaushe yake sanyi yadda insulin ke buƙata ba, ki sanar da kamfani tun wajen biya, su ajiye a asibitin jirgi ko su kawo wanda ya dace, su kuma ba ki kwandon zuba allura. Likitan jirgi ba kyauta ba ne, da Yuro ko dala yake caji, kuma NHIS, inshorar lafiya ta gwamnati, ba ta bin ki teku. Ki sayi inshorar tafiya wadda ta amince da ciwon da mutum ke da shi tun da, wadda kuma ta haɗa da ɗauke marar lafiya daga jirgi zuwa asibiti. Ki duba iyakar shekaru kafin ki biya, wasu daga saba'in suke ƙara kuɗi ko su ƙi karɓa.