Gyaran taswirar hanyoyin Maraɗi: inda hoton sama ke ruɗin mai zane

Lawali, Ali Ɗan Sofo:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Sababbin hannu sun ƙaru a aikin OpenStreetMap, taswirar intanet da kowa ke iya gyarawa, a yankinmu na Maraɗi, kuma gyaran da ke shigowa ya nuna yawancinsu daga hoton tauraron ɗan'adam kaɗai suke zane. Don Allah waɗanda suka daɗe a aikin, kowa ya kawo abin da ya ga yana ɓatar da direba a manhajojin nuna hanya na salula, OsmAnd ko Organic Maps, da yadda ake gyara shi.

Bari in fara da mahaɗa. Layi biyu za su taɓa juna a ido, alhali ba su da ɗigo ɗaya da ya haɗa su. Manhaja ba ta da ido, ɗigon take bi. Shi ya sa za ka ga titi ya fito daga cikin unguwa ya tsaya mita biyu kafin babbar hanyar RN1, sai a zagaya da ɗan kabu-kabu kilomita guda don ya hau kwaltar da ke gabansa. In kana zane a iD, shafin da ake gyara taswirar da shi, ka ja ƙarshen layin har ya manne da babban titin, ka ga ɗigon ya zama na su biyu. Kada ka adana aiki alhali akwai gargaɗi mai ruwan ɗorawa da ba ka karanta ba.

Mushe Sani, Zariya:
Wa alaikumus salam Malam Lawali. Kafin mahaɗa ma akwai gocewar hoto. Hotunan sama da muke zane a kansu, na Bing da na Esri, ba sa zama wuri ɗaya, wani lokaci bambancinsu ya kai mita biyar ko goma. Sabon hannu ya buɗe, ya ga duk titunan Sabon Gari sun kauce wa hoton, sai ya kama jan su ɗaya bayan ɗaya. Titunan suna daidai, hoton ne ya goce.

Yadda ake yi: a kunna ɗaukar sawu a OsmAnd, a sa ya riƙa ɗiga kowace daƙiƙa ɗaya ko biyu, a aza salula inda take ganin sama, ba cikin aljihu ba. A bi titi tafiya da dawowa, in da hali a ranaku daban, domin GPS na salula shi ma yana kuskuren 'yan mitoci. A ɗora fayil ɗin sawun, wato GPX, sannan a matsa HOTON ya dace da tsakiyar sawun. A iD harafin B ke buɗe wurin zaɓen hoto, gyaran gocewa yana can ƙasa.

Alhaji Mamman, Tibiri:
Ku na cikin gari aikinku da sauƙi, tun da birnin da aka shata bisa tudu bayan ambaliyar 1945 layi-layi yake. Wahalar tana ƙauye. Hotunan da muke samu galibi na rani ne, don lokacin ne babu gajimare. Bayan an girbe hatsi, amalanke da mashin suna yanke ta tsakiyar gonaki, sawun ya fito fari tas a hoto. Ruwan shuka na sauka mai gona zai shuke wurin, hanya ta mutu har kaka. Wanda ya zana ta a matsayin hanyar ƙauye ya tura mota cikin gero.

Alamar da ake dubawa: hanyar dindindin tana bin iyakar gonaki, tana lanƙwasa tare da su, sau da yawa da shingen aguwa ko itatuwa a gefe. Ta rani kuwa miƙewa take ta ratsa gonaki a karkace. Burtali ma yana ruɗi: ga faɗi, ga shinge hagu da dama, amma na dabbobi ne, yashinsa ya tattake, ƙaramar mota ba ta fita. In ba wanda ya taka wurin da ƙafarsa, gara a ajiye ɗan rubutun tambaya a taswira, a bar zanen.

Rabi, Mokoyo:
Alhaji, ina da ja a nan. In muka ce sai an taka, rabin ƙauyukan Madarunfa za su zauna ba hanya, kuma masu rigakafi da motar ɗaukar marasa lafiya su ne suka fi buƙatar taswirar. A ganina a zana, amma a faɗi gaskiyar hanyar. A rubutun da ake liƙa wa layi, wadda ke haɗa ƙauye da ƙauye highway=unclassified ce ko da babu kwalta. Wadda ke zuwa gona kaɗai ta tsaya ita ce track. Mutane suna sa track ga duk abin da ba kwalta, sai manhaja ta guje wa hanyar da kowa ke bi ranar kasuwa.

Alhaji Mamman, Tibiri:
Gaskiyarki 'yata, ga hanyar da ta haɗa gari biyu kuma ta fito a hoton Bing da na Esri duka. Wadda ta fito a ɗaya kaɗai, ina nan kan bakana.

Lawali, Ali Ɗan Sofo:
Maganar Malama Rabi ta kawo mu ga shimfiɗa, kuma nan ne babban giɓinmu. Hanyar da ba a rubuta mata surface, wato irin shimfiɗarta, ba, manhaja tana lissafa mata gudu bisa matsayinta kawai, sai ta ce minti ashirin inda za a yi awa guda ana tura mota. Kwalta asphalt, pabe paving_stones, jar ƙasar da aka daddaɓe compacted, yashi sand. Direban da ya zaɓi guje wa hanyar da ba kwalta a OsmAnd, da wannan rubutun zaɓinsa ke aiki.

Titi ɗaya kuma yana sauya hali: pabe mita ɗari uku, sannan rairayi. A yanka layin daidai inda ya sauya, da harafin X, kowane yanki da nasa. Titunan da aka yi wa aiki lokacin shirin ƙawata birni na Maraɗi Kwalliya a 2015 da bayansa su ma a sake duba su, domin tsohon hoto yana iya nuna su da yashinsu.

Isuhu, Ɗan Gulbi:
Yaya Lawali, a ƙara da ruwa. Inda hanya ta ratsa gulbi ko kwari, abu uku ne: gada, bututu a ƙarƙashin hanya, ko mashigi. Gada a yanka layin daga baki zuwa baki, bridge=yes da layer=1, ba ɗigon haɗi da ruwan. Mashigi kuwa ɗigon na su biyu ne, ford=yes, ko da an zuba masa siminti. Laifin da ya fi yawa shi ne mutum ya ga gargaɗin hanya ta ƙetare ruwa, ya danna gada don gargaɗin ya ɓace. Gulbin Maraɗi da rani yashi ne, cikin Agusta kuwa wannan gadar ƙaryar tana iya kai mutum bakin ruwa da dare.

Kuma in ruwa ya yanke hanya na mako biyu kada a goge ta. Taswirar da ke cikin salula kusan wata-wata ake sabunta ta, kafin gogewar ta iso ruwa ya janye, hanya ta ɓata ba dalili. A sa flood_prone=yes, a sanar da direbobi ta WhatsApp.

Mushe Sani, Zariya:
Sunaye a taƙaice. Abin da ke kan allon bakin hanya shi ke shiga gurbin name. Rubutun Hausa ya shiga name:ha, don mai neman Gidan Rumji ko Tasawa ya same su ko bai iya rubutun Faransanci ba. Sunan da 'yan adaidaita ke kiran wuri da shi, loc_name. Kada a kwafo komai daga Google Maps, lasisinsu ya hana, kuma in aka gano goge aikin ake yi gaba ɗaya. Wuraren jami'an tsaro kuwa a bar su, kada ma a tsaya da salula a gabansu.

Rabi, Mokoyo:
Wa ke bin RN9 zuwa Ɗan Isa cikin makon nan? Akwai hanyoyi da yawa da suka rabu da kwaltar ba shimfiɗa a rubuce. A kunna sawu, a kowace mararraba a aje ɗigo da kalma ɗaya, yashi ko jar ƙasa, a turo mini fayil ɗin in shigar.