Shin biyan kuɗin talla a Facebook da Instagram yana kawo ciniki?

Mai Atamfa: Assalamu alaikum. Ina sayar da atamfa da leshi a Kantin Kwari, kuma ina ɗora hotunan kayana a Instagram, amma masu gani ba su da yawa. Shin ya dace in biya kuɗi a yaɗa mini hotunan, ko kuwa asara ce?

Mai Turare: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ba asara ba ce idan kin san waɗanda kike nema. Kafin ki biya, ki zaɓi Kano da garuruwan da za ki iya aika kaya ta mota, ki ƙayyade shekarun matan da za su gani, sannan ki sanya maɓallin da zai kai mai sha'awa kai tsaye zuwa WhatsApp ɗinki, domin a can ake yin ciniki. Yawan masu danna alamar so ba ya biyan kuɗin haya.

Mai Takalma: Hajiya, ki lissafa harajin VAT na kashi 7.5 da Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook da Instagram, ke ƙarawa kan kuɗin talla a Najeriya tun 2022. Idan kuma iPhone gare ki, ki biya ta burauza, wato ta shafinsu na intanet, saboda biya ta cikin manhajar Instagram ko Facebook yana jawo ƙarin kashi 30 na kamfanin Apple.

Mai Turare: Haka ne, Malam. Ki fara da kuɗi kaɗan na mako guda, Hajiya, da ɗan bidiyon da ke nuna atamfar a warware cikin hasken rana tare da farashinta.