Wace kalma za mu ba "terroir" a Hausa?

Mai Fassara:
Assalamu alaikum malamai. Ana fassara wani shiri kan yadda tsiro ke ɗaukar halin inda ya fito, kuma misalin da aka kafa shirin a kansa shi ne giyar jin. Hukuncin giya a wurinmu sananne ne. Kalma ake nema, don za ta yi mana aiki a kan albasa da zuma da turare. Ta Faransanci ce, terroir, ana furta ta teruwar, tushenta kalmarsu ta ƙasa.

Jin ruwan barasa ne da aka tace har ya rasa ƙamshin komai, sannan a ba shi ƙamshi da 'ya'yan itacen junifa. Dokar Tarayyar Turai ta ce junifa ce za ta rinjayi ɗanɗanon, ƙarfin barasarsa kuma kada ya gaza kashi 37.5 cikin ɗari. Sauran kayan ƙamshi an bar wa mai yi, to nan kowane yanki ke sa hannunsa. Misali, jin mai suna The Botanist na tsibirin Islay a Sikotlan na zuba ganye da fure 22 da ake tsinka a tsibirin. Monkey 47 na Baƙin Daji a Jamus kayansa 47 ne. Roku na Jafan, sunan ma shida yake nufi, don tsirrai 6 na ƙasarsu, ciki har da furen sakura da ɓawon lemon yuzu. Har cittarmu mai 'ya'ya tana cikin Bombay Sapphire. Na rubuta "ɗanɗanon ƙasa", amma bai kwanta mini ba.

Malamin Gona:
Wa alaikumus salam. Da gaskiyarka, mai sauraro zai ɗauka an ce abinci da tsakuwa ciki, kamar shinkafar da ba a rege ba. Kuma wagga kalma ta wuce ɗanɗano. Ɗauki albasa. Yajinta daga sinadarin sulfa yake, wanda saiwa ke ja daga ƙasa. In sulfa ya yi yawa, ko anka bar ta da ƙishi, ko zafi ya same ta tana ƙosawa, sai ta yi yaji. Shi ya sa albasar Vidalia a jihar Jojiya ta Amurka take da zaƙi, ƙasarsu sulfa kaɗan gare ta, har doka ta taƙaita sunan ga gundumomi 20. Iri guda, a dasa rabi fadamar Rima wajen Goronyo cikin sanyin hunturu, rabi a jigawa, ba za su fito baki ɗaya ba. Ƙasa, ruwa, sanyi, lokacin cira, duk suna ciki. Ni "halin ƙasa" nike gani.

Hajiya Mai Turare:
Malam, a yi haƙuri, "halin ƙasa" in an faɗa a rediyo kowa zai zaci siyasa da tsadar kaya za a yi magana. Sannan kun bar mutane a waje. Furen wardi na Ɗa'if da alhazai ke sayo turarensa, da sassafe ake tsinkarsa a kai tukunyar tagulla ranar, don rana na ɗagawa man ke gudu. Haka masu yin giyar jin suke yi: abu mai tauri kamar junifa a jiƙa shi, fure da ganye masu laushi a rataye su a kwando tururi kawai ya ratsa su. In an jiƙa ganye ya daɗe, ɗaci yake saki. In wuta ta yi yawa, ƙauri. In man ɓawon lemo ya yi yawa, ana ƙara ruwa sai ya yi fari kamar tsari. Mu ma kajiji a inuwa ake shanya shi, wanda aka baza a rana ƙamshinsa ya ragu. Wannan sani gado ne, uwa ke koya wa 'ya, kuma kowane gari da nasa. Ya kamata kalmar ta ɗauke shi.

Malamin Hausa:
Hajiya ta kama bakin zaren. Har al'ada na ciki: a da, a tsaunukan Sikotlan hayaƙin junifa ake turara gida da garke da shi a sabuwar shekara don kariya, kamar yadda ake turara hano a nan. Itacen na da daraja a idonsu tun kafin ya shiga kwalba.

Na auna wasu na zubar. "Tambarin ƙasa" na gwamnati ne. "Albarkar ƙasa" ta yi kusa da albarkatun ƙasa, hankali zai tafi kan ma'adinai. Abin da nike kawowa shi ne "karin ƙasa", daga karin harshe. Hausa ɗaya ce, amma Basakkwace na buɗa baki ya ce "munka zo", Bakano ya ce "muka zo", an gane kowa da garinsu. Ba wanda ya zauna ya ƙirƙiro kari, wuri da mutanensa sunka gina shi a hankali. Haka junifa take harshe, ganyen Islay da yuzu su ne kari.

Malamin Gona:
Ta zauna, Malam. Gyara guda: a rubuce, wanda wayarsa ba ta da ƙugiya zai karanta "ƙarin ƙasa", wato an ƙaro fili ko an yi ciko. A kula da k maras ƙugiya, kuma farkon ambato a ce "karin ƙasa, kamar karin harshe".

Hajiya Mai Turare:
Kuma kada a kira abu da ita in an canja masa wuri. Kajijin da aka sayo daga wani yanki aka haɗa a Sakkwato, hannun Sakkwato ne a kansa, amma karin ƙasarsa na can inda aka tono shi. Masu yin giyar jin ma haka ne, yawancin junifarsu daga Italiya da ƙasashen Balkan ake kaɗo ta a daji, ko da kwalbar ta ce Sikotlan.

Mai Fassara:
Na gode, Allah ya ƙara sani. Ga jimlar yadda za ta shiga shirin: "Kowane tsiro da karin ƙasarsa, kamar yadda kowane gari yake da karin harshensa." Inda ake maganar aikin mai tacewa kaɗai zan sa "hannun gari", kamar yadda Hajiya ta raba.