Girkin gida kullum zai ishi kare?

Sabon Shiga: Salamu alaikum 'yan zaure. Ina so in daina sayen abincin buhu, in riƙa dafa wa kwikwiyona da kaina. Watansa huɗu. Shinkafa da nama kullum sun wadatar?

Mai Karnuka Uku: Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, dakata ka ji abin da ya sami tawa. Wata uku ina ba ta shinkafa da tsokar kaza, ina ta cika baki wai gashinta na sheƙi. Can sai na ga ƙafafun gaba sun fara lanƙwashewa, in za ta tashi sai ta yi ɗan kuka. Rannan ta diro daga kan benci, tsayinsa bai wuce gwiwata ba, ƙafa ta karye. Likitan dabbobi ya ɗaga hoton ƙashin a gaban fitila, ya ce dubi yadda ya sirance. Tsokar nama cike take da sinadarin fosfaras, kalsiyam kuwa, sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, ɗan kaɗan ne, sai jiki ya koma yana zuƙe kalsiyam ɗin da ke cikin ƙashi. Har yau in sanyi ya sauko sai ta yi ɗingishi, ni kuma in ji kunyar kaina.

'Yar Auta: Ayya, Allah sarki.

Tsohon Hannu: To ku ba su ƙashi mana, magana ta ƙare.

Maman Yara: Ba dafaffe ba dai, Baba. Tsagewa yake yi kamar tsinke, ya huda hanji. Ni ɓawon ƙwai nake busarwa in niƙe shi lukui saboda kalsiyam ɗinsa, likita ya ƙayyade mini awo.

Tsohon Hannu: Shekara talatin ina kiwon karnuka, ban taɓa daka wa kare ɓawon ƙwai ba.

Ɗan Zolaya: Baba, na shekara talatin ɗin nan duk suna ina?

Tsohon Hannu: Yaro, kiyaye ni.

Malamin Lissafi: A 2013 masana a Jami'ar Kalifoniya ta Davis sun auna tsarin girki 200 na abincin kare, kashi 95 cikin ɗari sun gaza a aƙalla sinadari ɗaya da jiki ke buƙata. Babban kare zai iya jurewa na ɗan lokaci, kwikwiyo mai girma ba zai jure ba.

Maman Yara: Kuma don Allah ban da ragowar tukunya. Albasa da tafarnuwa suna lalata musu jini, inabi yana kashe ƙoda, cakulan kuwa guba ce. Hanta ma kaɗan-kaɗan.

'Yar Auta: Innalillahi! Jiya nawa ya lashe kwanon miya tas.

Malamin Lissafi: Duba dasashinsa, Auta. In ya yi fari ko fitsarin ya yi duhu, a kai shi asibiti, ko bayan kwana biyu ne.

Ɗan Zolaya: Nawa takalmi ya ci, a wane rukuni yake?

Sabon Shiga: To ni yanzu in dafa ko kar in dafa?

'Yar Auta: Yaya, wane ne dasashin, na sama ko na ƙasa? Ya ƙi buɗe bakin.