Abin da muka tsinta a hirar rage tarkace

Ranar Asabar bayan la'asar muka zauna a wani gida a Gwale, hira ta kai mu kan tarkacen da ya cika mana ɗakuna. An fi daɗewa a kan anko. Kowane biki sai an je Kantin Kwari an yanko atamfa, a ɗaura sau ɗaya, ta koma ƙasan akwati tana warin kafur. Aka ce a zaɓi bikin dangi na kusa kawai. Wata dattijuwa ta ce duk abin da ya shekara ba a taɓa ba, a bayar tun yana da amfani. Kwanukan jere kuwa an sha musu. Ni dai a ganina rabinsu ƙura kawai suke sha. Kuɗin adashi kuma, kada a shiga kasuwa da shi sai an rubuta abin da za a sayo.