Muhawara: wanda ya gane lamba mai alƙaluma miliyan 41, mai 617 za ta gagare shi?

Nasiru: Jama'a, ni fa na daina yarda da maganar nan ta cewa farfasa babbar lamba, wato gano lambobin da aka ninka suka ba da ita, abu ne mai wuya. A Oktoban 2024 Luke Durant, ɗan Amurka, ya gano firam mafi girma da aka sani, wato a ninka 2 a kanta sau 136,279,841 a cire 1. Alƙalumanta 41,024,320. Amma a ce makullin RSA, lambar da ake kulle bayanan sirri da ita a intanet, mai alƙaluma 617 kacal ya gagari duniya? Wanda ya haɗiye taɓarya ai allura ba za ta shaƙe shi ba.

Malam Habu: Nasiru, ka haɗa aiki biyu ka ba su suna ɗaya. Firam ita ce lambar da ba ta rabuwa sai da 1 da ita kanta. Sanin cewa lamba firam ce ko a'a daban, fito da lambobin da suka haife ta daban. Gwajin Lucas da Lehmer, wanda aka tantance lambar Durant da shi, "e" ko "a'a" kawai yake cewa, kuma a kan lambobin Mersenne, wato masu siffar 2 a ninka a kanta a cire 1, kaɗai yake aiki.

Nasiru: Malam, ta yaya za ka san lamba tana rabuwa ba ka san mai raba ta ba? Kamar a ce an yi sata amma babu ɓarawo.

Malama Zainab: Akwai ɓarawo, kama shi ne ba a yi ba. Mersenne, masanin lissafi ɗan Faransa, ya ce a 1644 wai 2 a ninka a kanta sau 67 a cire 1 firam ce. Lucas ya nuna a 1876 cewa ba haka ba ne, amma bai iya cewa ga masu raba ta ba. Sai 1903 Frank Cole ya tashi a taron masana lissafi a New York, bai ce uffan ba, ya rubuta 193,707,721 sau 761,838,257,287 a allo, ya ninka da hannu, amsa ta fito 147,573,952,589,676,412,927 cif. Ya ce lahadin shekara uku ya kashe a kanta. Alƙaluma 21 fa!

Nasiru: Wancan zamanin alli ne, Malama. Wayata za ta yi shi kafin shayi ya huce.

Sagir: Gaskiyarka a nan. To amma RSA-250, mai alƙaluma 250, sai a 2020 aka fasa ta, kuma aikin ya kai kimanin shekara 2,700 in da ƙwaƙwalwar kwamfuta ɗaya ce ta yi. Daga 250 zuwa 617 ba ninki biyu da rabi ba ne na wahala, Yaya Nasiru, tazarar ta wuce hankali.

Malam Habu: Ga ƙaramin misali. Ɗauki 91. Da firam ce, in ka ninka 2 a kanta sau 90 ka raba da 91, saura 1 zai rage. Ƙa'idar Fermat ke nan. Amma 64 ke ragewa. An gama, 91 ba firam ba ce. Ina 7 ko 13, masu raba 91, a cikin 64?

Nasiru: Allah gafarta Malam, cire 1 daga 64. Saura 63. Ita da 91 duk 7 na raba su. Ga ɓarawon nan a hannu!

Malama Zainab: Kai! Malam, yau ɗalibi ya kama ka.

Malam Habu: Ya kama ni, misalin na zaɓa da gaggawa. Abin da ka yi kusan shi ne dabarar da John Pollard ya fitar a 1974. Ta ci ne saboda 7 a cire 1 ya zama 6, kuma 6 na raba 90. A makullin RSA kuwa firam biyun kowacce ta haura alƙaluma 300, in ka cire mata 1 ba ta wargajewa zuwa ƙanana haka, dabarar sai ta cije.

Nasiru: To wa ya tabbatar babu wata dabarar da ba a gano ba?

Sagir: Babu wanda ya tabbatar. Peter Shor ma ya nuna tun 1994 cewa kwamfutar kwantam babba, wato sabon nau'in kwamfuta mai aiki daban da irin tamu, za ta fasa su, ita ce dai ba a ƙera ba tukuna.

Nasiru: Ashe "ba mu iya ba" ne, ba "ba ya yiwuwa" ba. A nan na tsaya.

Malam Habu: Tsaya a nan ɗin. Amma maganarka ta farko, ta taɓarya da allura, ka janye ta.

Nasiru: Taɓaryar na janye, Malam.